Wa Ke Ƙirga Ɓarnar Giya a Jami'o'in Amurka, Kuma da Wane Awo?

Akwai wani adadi da ya daɗe yana yawo a Amurka: 1,825. Ya shiga jaridu da jawaban 'yan siyasa, ya shiga takardun da jami'o'i ke raba wa sababbin ɗalibai. Wai yawan ɗaliban jami'a ke nan, 'yan shekara 18 zuwa 24, da ke mutuwa kowace shekara ta dalilin giya. Duk wanda ya ji adadi irin wannan, har da 25 ɗinsa a ƙarshe, zai ɗauka wani ne ya bi mamatan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta sunayensu. Ba wanda ya yi haka, kuma ba wanda zai iya, domin takardar shaidar mutuwa a Amurka ba ta faɗin ko mamacin ɗalibi ne a ranar da ya cika.

Ƙiyasi ne, kuma mai shi sananne ne: Ralph Hingson, masanin lafiyar al'umma da ya yi aiki a Jami'ar Boston kafin ya koma NIAAA, cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken giya. Ya tattara yawan matasa 'yan 18 zuwa 24 da suka mutu a haɗarin mota da sauran haɗurra a duk ƙasar, ya ware waɗanda ake ganin da hannun giya a mutuwarsu, sannan ya ce tun da wajen sulusin matasan wannan zango ɗalibai ne, to sulusin mamatan ma ɗalibai ne. Da wannan lissafi aka sami 1,400 a rahoton 2002, aka sami 1,700 a na 2005, aka sami 1,825 a na 2009, daga baya adadin ya sauko zuwa 1,519. Hingson bai ɓoye hanyarsa ba, yana bayyana ta a duk takardar da ya buga. Masu ɗaukar adadin ne ke yar da bayanin a hanya.

Lissafin gaba ɗaya ya rataya ne a kan zato guda: cewa ɗalibi da wanda ba ɗalibi ba suna mutuwa daidai wa daida. Wajen kashi uku cikin huɗu na mutuwar da aka ƙiyasta ta haɗarin mota ce, alhali ɗalibin da ke kwana a cikin makaranta yakan tako da ƙafa ne daga wurin sha zuwa ɗakinsa, ba kamar sa'ansa da ke aiki a gari yana tuƙi kullum ba. Wani likita mai kula da lafiyar ɗalibai a Jami'ar Virginia, James Turner, ya ga ya kamata a tambayi makarantun kai tsaye. Makarantu 157 masu ɗalibai miliyan 1.36 suka ba shi bayanin waɗanda suka rasu a zangon karatu na 2009 zuwa 2010. A cikin kowane ɗalibi 100,000, mutum 3.37 suka mutu a haɗarin mota mai nasaba da giya, 1.49 a wasu haɗurran masu nasaba da ita. In aka haɗa, bai kai sulusin abin da ƙiyasin farko ya nuna ba. Waɗanda suka kashe kansu ma sun fi yawa, sun haura mutum 6.

Kafin masu sayar da giya su yi murna, shi ma wannan lissafin yana da ɓarakarsa. Ƙalilan ne daga makarantun da aka tuntuɓa suka amsa, kuma makaranta abin da ya zo kunnenta kawai ta sani. Ɗalibin da ya mutu a hanyar garinsu lokacin hutu, ko wanda shan ya kore shi daga karatu wata uku kafin ajalinsa, da wuya ya shiga littafinta. Gaskiyar tana wani wuri tsakanin adadin biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsu ɗaruruwan rayuka ce. Ƙasar da ta fi kowace zuba kuɗi a binciken wannan al'amari ba ta san takamaiman yawan ɗalibanta da giya ke kashewa ba.

Ko mutuwar da aka gani ƙuru-ƙuru ma ba ta cika shiga rukuni ɗaya ba. A watan Fabrairun 2017, a Jami'ar Jihar Pennsylvania, an ɗura wa wani ɗalibi ɗan shekara 19 kofi 18 cikin minti 82, a daren karɓar sababbin shiga wata ƙungiyar ɗalibai maza. Ya faɗo daga matattakala, ya fasa kai, saifarsa ta fashe, ya kwana yana tashi yana faɗuwa a gaban abokansa, ba a kira motar asibiti ba sai bayan kusan awa 12. An san wannan dalla-dalla ne kawai saboda akwai kyamarori a gidan. Ba don su ba, da abin da zai rage a takarda shi ne saurayi ya faɗi ya bugu a ka. Giya ce ta kashe shi, ko faɗuwa, ko tsoron hukunci da ya hana samari ɗaukar waya? Duka ukun ne, amma mai cike fom gurbi ɗaya gare shi.

Da yake ƙirga mamata yana da wuya, masu bincike suka fi karkata ga ƙirga kofuna. Jagoran wannan hanya shi ne Henry Wechsler na Jami'ar Harvard. A 1993 ya aika takardar tambayoyi zuwa makarantu 140, ɗalibai 17,592 suka cike. Ya ja layi: namijin da ya sha kofi biyar a jere, ko macen da ta sha huɗu, ko da sau ɗaya cikin mako biyun da suka wuce, ya shiga sahun masu kwankwaɗa. Kashi 44 cikin ɗari suka faɗa ciki, kashi 19 kuma sun yi haka sau uku ko fiye a cikin makon biyu. Ya maimaita binciken a 1997 da 1999 da 2001, adadin bai gusa daga kusa da 44 ba.

Wannan layi ya yi amfani, dole a faɗa. Da shi aka gane cewa makarantu sun sha bamban ƙwarai, daga wadda masu kwankwaɗa ba su wuce kashi 1 ba zuwa wadda suka kai kashi 70, abin da ya nuna muhalli da dokokin gari da araha ko tsadar giya suna da tasiri fiye da yadda ake zato. Da irinsa ne kuma binciken shekara-shekara na Jami'ar Michigan ya nuna cewa shan kofi biyar a jere tsakanin ɗalibai ya sauko daga sama da kashi 40 a shekarun 1980 zuwa ƙasa da 30 a wasu shekarun baya-bayan nan.

Amma mene ne kofi? Hukuma a Amurka ta ce abin sha mai ɗauke da giram 14 na tsantsar barasa, a Birtaniya giram 8, a Ostareliya giram 10. Kamar mudu ne, kowace kasuwa da nata, sai dai a nan mai awon ba ya cikin hayyacinsa, kuma karin maganar nan da ke cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima ba ta aiki a kansa. A Jami'ar Duke, Aaron White da abokan aikinsa sun ba ɗalibai kofuna suka ce kowa ya zuba abin da yake ganin kofi ɗaya ne. A giyar kwalba sun zarce da kashi 25, a barasar da ake gaurayawa da lemo sun zarce da kashi 80, kuma duk lokacin da kofin ya ƙara girma sai kuskuren ya ƙaru. Waɗannan fa ido biyu suke, ba su sha komai ba. Wanda ya rubuta biyar a takarda ƙila bakwai ya sha ko tara.

Sai matsalar tuni. Barasa idan ta yi yawa tana hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ke faruwa: mutum yana tafiya, yana magana, har yana tuƙi, gari ya waye bai san an yi ba. A wani binciken na Duke da aka buga a 2002, cikin ɗalibai 772, kashi 51 na waɗanda suka taɓa shan giya sun ce hakan ta taɓa samunsu. Ke nan daren da ya fi haɗari shi ne daren da mai ba da amsa ya fi kasa tunawa, kuma shi ake roƙo ya faɗi kofi nawa ya sha.

Layin biyar da huɗu yana kuskure ta fuska biyu. Ƙaton saurayi da ya sha biyar cikin awa shida yana cin abinci, da siririn yaro da ya shanye goma sha biyar cikin awa ɗaya, duk sunansu ɗaya a lissafi. Shi ya sa a 2004 NIAAA ta gyara ma'anar, ta ce shan da ke kai barasar cikin jini zuwa kashi 0.08 cikin ɗari, wato biyar ko huɗu cikin kamar awa biyu. Wani bincike a kan 'yan ajin farko fiye da 10,000 ya gano cewa namiji ɗaya cikin biyar ya sha goma ko fiye a zama ɗaya, ninkin layin ke nan, kuma tsohon awon bai bambanta shi da mai biyar ba. Ta ɗaya fuskar kuma, a 1997 Robert Foss da tawagarsa a Jami'ar North Carolina sun tsaya cikin dare a hanyar ɗakunan kwana da na'urar gwada numfashi, suna roƙon masu dawowa su hura. Ko a daren Alhamis da Juma'a da Asabar, biyu cikin uku ba ko ɗigon barasa a jikinsu. Wannan sakamako ya fi ƙarfin a kira shi labari mai daɗi kawai, domin tun 1986 Wesley Perkins da Alan Berkowitz suka nuna cewa ɗalibai na zaton sa'o'insu sun fi shan giya fiye da yadda suke sha a zahiri, kuma wannan zaton yana ingiza su. Adadin da aka kambama don a tsorata yaro zai iya zame masa hujjar cewa ai kowa ma yi yake.

Kofi dai hanya ce, abin da ake nema a sani shi ne ɓarna. Don haka wasu masanan suka tsara jerin tambayoyi a kan abin da shan ya jawo. Na Jami'ar Rutgers, wanda Helene White da Erich Labouvie suka fitar a 1989, tambaya 23 ne. Na Christopher Kahler da Jennifer Read da abokan aikinsu ya kai 48, da gajerensa mai 24. Ana tambaya ko ɗalibi ya ƙi shiga aji, ko ya yi amai, ko ya faɗi abin da ya zo yana nadama, ko ya yi tuƙi a buge, ko ya farka a inda bai san yadda ya je ba. Wannan ci gaba ne na gaske, musamman da gajeren ya jera abubuwan daga masu sauƙi zuwa masu tsanani, yadda za a gane inda mutum ya kai.

Duk da haka takardar tana dogara ne da hukuncin wanda ake tambaya. Sai ya yarda cewa giya ce ta sa ya faɗi jarrabawa kafin ya sa alama, kuma ɗan Adam gwani ne wajen ɗora laifi a kan malami. A binciken Wechsler, kusan rabin masu yawan kwankwaɗa sun lissafa matsala biyar ko fiye da shan ya jawo musu tun farkon zangon, amma mafi yawan masu kwankwaɗar ba su ɗauki kansu masu matsalar giya ba. Kimberly Mallett da abokan aikinta sun je sun tambayi ɗalibai yadda suke kallon abubuwan da masana ke kira illa, a wata takarda ta 2008. Da yawa suka ce tashi da ciwon kai da kasala ba wani abu ba ne, wasu ma suka sa shi cikin daɗin daren, har da masu kallon mantuwar abin da ya faru a matsayin labarin ba da dariya. Jami'in lafiyar da ke yi musu gargaɗi da waɗannan abubuwa yana magana ne da mutanen da ba su ɗauke su a bakin komai ba.

A nan ne wata tambaya da Wechsler ya saka a takardarsa ta fi duk sauran daraja, ko da yake ba ta yi suna kamar kashi 44 ba. Ya tambayi ɗalibai, har da waɗanda ba sa kwankwaɗa, me shan wasu ya jawo musu. An hana ka barci ko karatu? An zage ka ko an wulaƙanta ka? Ka kwana kana jinyar wanda ya bugu? An lalata maka kaya? An ture ka ko an doke ka? An taɓa ki ba da yardarki ba? Wajen biyu cikin uku na ɗaliban da aka tambaya sun ce aƙalla ɗaya daga ciki ya same su. Wanda ba ya yawan sha amma yana makarantar da ake sha sosai, yiwuwar ya gamu da irin wannan ta ninka ta takwaransa na makarantar da ba a cika sha ba fiye da sau uku.

Wannan shaida ta fi ƙarfi saboda mai ba da ita yana cikin hankalinsa lokacin da abin ya faru, yana tune, kuma ba shi da abin ɓoyewa. Ba ya buƙatar sanin giram nawa ke cikin kofi. Ba wanda zai ce masa ai duka ko cin zarafi yana cikin daɗin daren. Sannan ta rushe hujjar da aka fi kafawa, cewa baligi ne, jikinsa ne, kuɗinsa ne. Yarinyar da ta biya kuɗin makaranta daidai da na kowa, aka hana ta barci daren jarrabawa, ko aka tare ta a lungu, ba ta zaɓi komai ba. Ƙiyasin Hingson na ɗalibai 696,000 da wani ɗalibi mai maye ke kai wa hari a shekara, da 97,000 da ake ci wa zarafi ta hanyar lalata, shi ma faɗaɗa amsoshin takardun tambayoyi aka yi zuwa ƙasa baki ɗaya, don haka a riƙe shi da taka-tsantsan. Amma ko an raba shi biyu, ya nuna cewa mafi yawan ɓarnar ba a maƙabarta take ba, tana jikin rayayyu, kuma da yawansu ba su sha ba.

Masana tattalin arziki sun ɓullo ta wata hanyar da ba ta buƙatar tambayar kowa. Sakamakon dokar 1984, shekara 21 ce ƙa'idar sayen giya a Amurka. Wanda ya rage mako ɗaya ya cika 21 da wanda ya cika da mako ɗaya ba su da wani bambanci sai na izinin shiga mashaya. Christopher Carpenter da Carlos Dobkin sun duba takardun mutuwa suka ga mace-macen matasa na tsalle da wajen kashi 9 cikin ɗari daidai wannan gaɓa, galibi ta haɗarin mota da kashe kai da ita kanta giyar. Scott Carrell da abokansa sun duba makin ɗaliban makarantar sojan sama da ke Colorado, inda ake tsananta hana masu ƙarancin shekaru sha, suka ga makin na sauka da zarar ɗalibi ya cika 21. Saukar ba ta da yawa, amma ta fi taɓa haziƙai. Jason Lindo da abokansa kuma sun bi ranakun wasan ƙwallon manyan jami'o'i, ranakun da ake raba dare ana shagali, suka ga rahoton fyaɗe ga 'yan shekara 17 zuwa 24 yana ƙaruwa da kashi 28, ya kai 41 idan a gida ake wasan. Irin wannan bincike ba ya faɗin komai da komai, amma ya fi kusa da amsa tambayar da ta fi wuya, wato ko giyar ce sanadi, ko kuwa dama masu rawar kai ne ke shanta.

Mafi raunin awo shi ne wanda iyaye suka fi dubawa: alƙaluman da makaranta ke fitarwa da kanta. Dokar Clery ta 1990 ta tilasta wa jami'o'i bayyana yawan waɗanda aka kama ko aka ladabtar kan karya dokar giya. Makarantar da masu gadinta ke aiki sai ta fito da adadi mai yawa, wadda ta kau da kai ta fito fes. A 2002 Jami'ar Cornell ta yi alkawarin ba za ta hukunta wanda ya kira agaji don abokinsa ya bugu ba, sai kiran motar asibiti ya ƙaru. Mai karanta jadawali daga nesa zai ce abin ya ta'azzara, alhali yaran da a da ake bari kwance a ɗaki ne aka fara kaiwa wurin likita. Shugaban makarantar da ake auna shi da ƙanƙantar adadi an ba shi dalilin yin shiru.

Takardun tambayoyi kan shan giya ba a Amurka suka tsaya ba. AUDIT, mai tambaya goma, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar, ana amfani da shi a binciken ɗalibai a jami'o'in Afirka, har da Najeriya, kuma duk raunin da aka lissafa yana biyo shi, da ƙari. An gina shi a kan kofi mai giram 10, to giram nawa ke cikin ƙwaryar burkutu, ko kwalbar ogogoro da ba ta da tambari, ko 'yar ledar nan ta barasa da hukumar NAFDAC ta yi ja-in-ja da kamfanoni kan hana ta a Fabrairun 2024? A Kano ko Zariya ko Sakkwato kuwa, inda giya haramun ce a addinin mafi yawan ɗalibai kuma abin kunya ce ga dangi, yaron da malaminsa ya miƙa wa takarda a aji zai rubuta bai taɓa sha ba, ko da an rantse masa ba za a ga sunansa ba. Sifilin da za a samu ba zai bambanta wanda ba ya sha da wanda ke tsoro ba. Kuma takardar da ta tsaya kan giya kaɗai za ta tsallake kodin da tiramadol, waɗanda su ma suke shiga hannun matasa a nan.

Masu babban binciken shaye-shaye na Najeriya na 2018, wanda ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na amfani da miyagun ƙwayoyi, sun san da wannan. Ba su tsaya ga bin gidaje ba, sun yi hira dabam da masu shan fiye da 9,000 a inda suke taruwa, da kuma mutanen da suka san unguwanni, sannan suka gwama. Jami'ar da ke son sanin halin da ɗalibanta ke ciki tana iya yin irin haka da kuɗi kaɗan: ta duba littafin asibitin makaranta na dare da ƙarshen mako, ta ba wa wanda ya kawo abokinsa tabbacin ba za a kore su ba, sannan ta tambayi kowa, mai sha da marar sha, sau nawa a wannan zango mayen wani ya hana shi barci, ya taɓa masa kaya ko ya taɓa jikinsa. Ɗalibar da ba za ta taɓa amsa tambaya a kan kanta ba za ta amsa wannan, har ta faɗi ɗakin kwanan da abin ya fi faruwa da kuma daren.